Mati Ban-ruwa da Zobban Rijiya

A ƙauyen 'Yan Kanya, tsakanin Tofa da Bagwai, in ka tambayi Mati sai a ce maka wanne. Amma ka ce Mati Ban-ruwa, ko yaron goye ya nuna maka ƙofar gidansa.

A kamfanin kankare na bayan Bacirawa ya samo sunan, inda ake zuba turakun lantarki da kwalbati da manyan zobban ɗaure rijiya. Ya je da ƙarfinsa yana sa ran a ba shi shebur. Da foman ya ji manomi ne, sai ya miƙa masa tiyo. Duk abin da ya fito daga mazubi, Mati ne zai lulluɓe shi da buhuna, ya yi ta jiƙa shi safe da yamma har makonni, domin kankaren da bai ƙoshi da ruwa ba ƙarfinsa na ganin ido ne. In ya dawo gida a keke ranar Asabar, 'yan majalisa su tare shi: "Mati, dutsen naka ya fara tsiro kuwa?" Ya ce, "Ya kusa, taki ya rage." Mutum ne da ba a iya ɓata wa rai, sai dai mai tsokana ya gaji.

Har yau in tsofaffin leburorin suka haɗu a wurin suna, hirar ke nan: jiniyar tashi, ƙurar siminti mai ba saurayi furfura, ɗanwaken bakin ƙofa, da yadda Mati ke rarrashin turaku kamar 'ya'yan cikinsa.

Sai ga shekarun tsuke bakin aljihu. Kwangila ta ɗauke, injuna suka yi shiru, aka ce kowa ya kama gabansa. Mati ya roƙi wani tsohon mazubin zobe da ragowar siminti, ya ɗoro a amalanke. Matarsa Hure ta leƙo, ta riƙe haɓa. "Malam, maza na dawowa da rediyo, kai da ƙaton gwangwani?"

Fari ya biyo baya, rijiyar ƙauyen kuma ta rufta. Mata suka koma tafiya mai nisa zuwa busasshen rafi, suna tonon yashi. Sama'ilu mai haƙar rijiya ya ce zai haƙa sabuwa, amma ƙasar rairayi ce, ba zai yi zurfi ba sai da zobba a kansa. Mati ya zage ya zuba su a gefen masallaci, ya lulluɓe su da buhuna, simintin ya ƙare ƙaf. Sannan ya juya ya ce a kawo ruwa.

Nan aka yi ta. Hure ta ce, "Ruwan da na ɗauko a kaina, yara na kallo da busasshen baki, shi zan zuba wa dutse? Malam, ka ji tsoron Allah." Gaskiyarta ce kuwa, Mati ma ya sani. Karo na farko dariyarsa ta ɗauke. Yana ji yana gani zobban sun fara yin fari. In suka bushe a haka za su tsage a cikin rami, Sama'ilu na ƙarƙashinsu, ga shi babu wani simintin.

Da azahar yana alwala, sai ya tsaya yana kallon ruwan na zuba daga gwiwar hannunsa, ƙasa na shanyewa. Ana sallamewa ya matsa kusa da Liman Uwaisu.

"Allah gafarta Malam, ruwan alwala in ya bar jiki, na wane ne?"

"Na ƙasa mana."

"To ina so ƙasa ta ara mini."

Liman ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce bai ga aibu ba. Daga la'asar kowa ya ɗauki butarsa ya nufi zobban, ya yi alwala a kansu. Mati na tsaye a kansu kamar foman. Wanda ya saba alwalar kyanwa, shafa nan shafa can, sai ya ji an ce, "Alhaji, sau uku-uku ne sunna!" Liman ya rantse tun da ya fara limanci bai ga alwala mai kyau irin ta wannan lokacin ba. Hure kuwa, ba tare da ta ce ta sauko ba, ta bi gida-gida ta sa mata su riƙa yin tasu a cikin kwano. Ita ke juye ruwan a kan buhunan, tana mita tana juyewa.

Ranar da aka zura zobban, Sama'ilu ya kama igiya zai ɗaura a ƙugu. Mati ya karɓe. "Ni na yi su, ni zan fara zama a ƙarƙashinsu." Mutumin da ko rumbu ba ya son leƙawa! Aka saukar da shi da guduma, yana ƙwanƙwasa zobe bayan zobe. Hure ta durƙusa a bakin ramin, tsoro ya hana ta ko addu'a a fili. Can sai muryarsa ta taso:

"Sun riƙe! Sama'ilu, bismilla. Amma don Allah ku fara fito da ni!"

Aka kwashe da dariya, Hure na yi tana share hawaye. Da Sama'ilu ya taɓo ruwa aka jawo gugan farko, ita Mati ya miƙa wa. Ta cika tulunta, ta ɗora a ka, yau ba tafiyar rafi, kafin ta gama gyara gammo har ta iso ƙofar gida.