Murar Manaja

Kawuna mai gyaran agogo ne. Shekara talatin da ɗoriya ke nan yana wannan sana'a a wani ɗan shago da ke tsakanin mai aski da mai sayar da batir. Mutum ne da ba ya iya zama. A tsaye yake cin abinci, in yana maka magana ƙafarsa na rawa, idonsa na kan agogo uku da ke ɗaure a hannunsa na hagu. Ba nasa ba ne. Duk agogon da ya gyara sai ya ɗaura shi yini guda, ya ga ko yana gudu ko yana ja da baya, kafin ya miƙa wa mai shi.

Abu ɗaya ke zaunar da shi, wata kyanwa mai ruwan toka da ta shigo shagon shekara shida da suka wuce. Manaja yake kiranta, wai don ba ta aikin komai sai duba na wasu. In ta hau cinyarsa ba ya son ya tashe ta, dole ya zauna, kuma a lokacin ne aiki ke tafiya. Da yamma sai ya sa ta a kwando su koma gida tare.

Wata Litinin Manaja ta fara atishawa, idonta na ruwa. Ranar Laraba Kawu ya tashi da mura. Ga shi babbar 'yarsa za ta zo ranar Asabar da jaririnta ɗan wata biyu.

"Ita ta shafa maka," in ji Inna, matarsa. "Malam, kafin Asabar a san inda za a kai ta. Jikana ba zai shaƙi numfashin mage ba."

"Wa ya ce ba ni na shafa mata ba?"

"To, sai ku tafi tare."

Sauran labarin daga bakinsa na ji, yana kai da komo a gabana. Ya ce yini biyu bai gyara ko agogo ɗaya ba. Mai aski ya ce mura ai iska ce, ba ta tambayar mai ƙafa nawa ne. Mai batir ya ce ƙarya ne. Kawu ya ga gardama ba za ta warkar da kowa ba, sai ya ɗauki ƙwayar farasitamol ɗinsa ya ɗora a faifan aiki. Ya sa gilashin ido, ya raba ta gida takwas daidai wa daida, ya jiƙa ɗaya a madara. Manaja ta sansana, ta juya masa baya.

Ranar Juma'a ya kai ta wurin likitar dabbobi, ya kai ƙararta cewa ta ƙi shan magani. Likitar ta ajiye abin da ke hannunta.

"Baba, ta sha? Ko kaɗan?"

"Ko lasa ba ta yi ba, 'yar nan. Taurin kai gare ta."

"Taurin kan ne ya cece ta. Wannan maganin kashe kyanwa yake yi, komai ƙanƙantarsa."

Kawu ya ce a nan ne ya nemi kujera da kansa. Likitar ta ce murar kyanwa daban, ta mutum daban, tasa a wurin mutane ya kwaso ta. Har ya miƙe zai ruga ya gaya wa Inna, sai likitar ta ga yana sosa ƙarƙashin agogunan. Ta ce ya kwance su. Ga wani jan zagaye kamar kwabo a wuyan hannunsa. Ta buɗa gashin bayan kunnen Manaja, ga irinsa.

"Wannan kam ita ta ba ka. Makero ne, kuma yana kama jariri."

Ta rubuta maganin Manaja, ta ce shi ma ya je a duba shi, ya goge madaurin agogunan mutane kafin ya mayar musu. Ta ƙara da cewa da murar nan tasa kada ya kusanci yaron.

Bai ɓoye wa Inna komai ba. Ta daɗe tana kallon hannun nasa, sannan ta ce Manaja ta zauna a shago har ta warke, in ta warke a sake magana. Shi kuma da ido zai gai da jikansa.

Ranar Asabar na same shi a bakin ƙofar ɗaki, hannu naɗe da bandeji, yana leƙen jaririn daga nesa.

"Baba, ka zauna mana," in ji 'yarsa.

"Ina zuwa. Na bar Manaja ita kaɗai."

Ya duba hannunsa, babu agogo ko ɗaya. Ya tambaye ni ƙarfe nawa, kafin in amsa har ya kai bakin titi. Sau huɗu ya je ya dawo a ranar.