Tarwaɗar da aka ba ni a leda

Jama'a, daren jiya na yi wani mafarki, kuma tun da na farka jikina bai dawo daidai ba. Masu cewa tuwo na ci da yawa, don Allah yau ku ɗaga mini ƙafa, ba ranar raha ba ce.

Bari in fara da abin da ke ƙasa. Ni ɗan masunci ne, haifaffen Yawuri, aiki ya kawo ni Legas. A falona ina da tankin gilashi na kifayen teku, ruwan gishiri da murjani mai rai irin wanda ke tsirowa a ƙasan teku da ƙananan kifaye masu launi. Ranar da Baba ya ga hotonsa dariya ya yi har da tari, ya ce barewa dai ta yi gudu, ɗanta ya koma ciyar da kifin da ba a ci. To Baban nan yanzu idonsa ya yi rauni, Inna ta rasu, amma kullum sai ya tura jirginsa kogi shi kaɗai. Kwanan baya a cikin ruwa aka tsamo shi. Muka zauna da 'yan'uwana muka yanke shawara in ɗauko shi ya dawo wurina, kuma ranar Asabar ɗin nan zan tafi.

A mafarkin na je sayen sabon kifi. Shagon da na saba zuwa ne, sai dai babu rufi, kuma tankunan duk a jere suke cikin jiragen ruwa a bakin koginmu na gida. Babu wayar wuta ko ɗaya, amma fitilunsu na ci. Mai shagon wata mace ce doguwa, ta juya mini baya, ban ga fuskarta ba har na bar wurin.

Na tsaya ina zaɓe yadda na saba. Duk mai kiwon irin kifayen nan ya san ba a gaggawa. Kifaye masu sanyin hali ake fara sakawa a tanki su kama wuri, mafaɗata su zo daga baya, kuma ba a tara su rana ɗaya. Ka duba ido, ka duba fata, ka ce a ba shi abinci a gabanka ka ga ko yana ci. Na nuna wani ɗan kifi mai ruwan lemo da farin zane, na ce, "Hajiya, wancan nake so."

Ta miƙo mini leda ta bayanta, a ɗaure, cike da ruwa ja irin na damina. Da na ɗaga sai na ga tsohuwar tarwaɗa, gashin bakinta ya yi fari, idonta ɗaya ya yi yana.

Na ce, "Hajiya, wannan ai ba na ruwan gishiri ba ne."

Na sake faɗa da ƙarfi, raina ya fara ɓaci, don ni ba na son a mai da ni wanda bai san abin da yake yi ba. Ta ci gaba da wanke wata ƙwarya kamar ba da ita nake ba.

Sai kawai na gan ni a falona da ledar a hannu. Tankin ya girma ya cinye bango guda, murjanin ya kai tsayin mutum, kifayena duk sun taru a gaban gilashi sun zuba mini ido, ba mai motsi. Injin da ke hura wa tankin iska yana aiki amma babu ƙara.

A farke ko da wuƙa a wuyana ba zan sa kifin kogi a ruwan gishiri ba. Amma a mafarkin sai na kama yin abin da ake yi wa kowane sabon kifi. Na ɗora ledar a kan ruwan tanki don ɗuminsu ya zo ɗaya. Na kwance bakinta, na jawo siririn tiyo, na bar ruwan gishirin yana ɗiga a ciki kaɗan-kaɗan. Ina yi ina cewa, a hankali za ta saba, a hankali za ta saba. Can cikin zuciyata kuma na san ko shekara zan yi ina ɗigawa ba za ta saba ba.

Sai na ji muryar Baba a bayana, irin muryar da yake yi in yana gyaran tarunsa na kamun kifi, ba faɗa ba fushi.

"Ɗanjuma, wa ya zuba wa ruwan nan gishiri?"

Na buɗe baki in ce ni ne, Baba, haka kifayena suke so, maganar ta ƙi fita. Na waiga, babu kowa, sai hularsa ta saƙa a kan kujera, jiƙe sharkaf.

Tarwaɗar ba ta yi fisge-fisge ba, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan. Wanda ya taɓa riƙe tarwaɗa ya san ba ta yarda da hannu. Wannan kuwa ta kwanta a gindin leda, tana buɗe baki tana rufewa, fatarta na yin fari-fari.

Na zare tiyon na ce a'a, gida zan mai da ita. Na ruga famfo in sauya mata ruwa, na ɗanɗana, gishiri. Na buɗe randa, gishiri. Sai kawai na buɗe ƙofar gida, na tarar babu titi, babu maƙwabta, teku ne ta ko'ina har iyakar gani. Can nesa ƙwarai ga jirgin Baba yana juyawa shi kaɗai, babu kowa a ciki. A lokacin na ji ƙafata tana jiƙewa, ashe ledar ta huje, ruwan kogin yana tsiyaya ta tsakanin yatsuna. Na toshe nan, can ya ɓalle.

Na dawo gaban tankin da ɗan ruwan da ya rage, bai fi cikin tafin hannu ba. In na bar ta a leda ruwa zai ƙare, in na juye ta a tankin na san abin da zai faru. Ina tsaye ina kuka kamar yaro, sai muryar ta sake zuwa, wannan karon daga cikin ledar.

"Juye ni mana, ɗana. Ai ka gaji da riƙo."

Hannuna ya fara karkata. Ban sani ba ko na juye ko ban juye ba, kiran sallar asuba ya tashe ni, hannayena biyu a dunƙule a ƙirji.

Wallahi tsoro nake ji. Baba mutum ne da bai taɓa yarda da magana ba sai ya ja ta, ko farashin gishiri ne sai an yi musu da shi. Amma da na kira shi na gaya masa shawarar da muka yanke, bai ja ba ko kaɗan. Cewa ya yi, "Duk yadda kuka gani, Allah ya yi muku albarka." Har na ji daɗi a ranar, na ce abin ya zo da sauƙi.

Masu ilimin fassara, da ku da kuke da tsofaffi a gida, ku taimake ni kafin Asabar. Mafarkin nan cewa yake in bar shi ga kogin da ya kusa cinye shi, ko in ɗauko shi? In kuma na ɗauko shi ya zauna mini shiru a falo, bai ƙara musu da kowa ba, ceton sa na yi?