Bedi Bakwai a Gonar Aro

Gonar da nake nomawa lokacin ba tawa ba ce, aro ce. Wani dattijo, abokin marigayi mahaifina, ya ba ni ita shekarar da na yi aure, a bakin hanyar Kurfi. Da ita nake ci da gidana. Kowa a ƙasarmu ya san dokar aro: ka noma gero, ka noma gyaɗa, amma ba ka dasa icce. Wanda ya dasa icce, cewa ya yi gona tasa ce.

Wata damina, kafin mulkin kai, sai ga malamin daji a kan keke. Ya ce an yi umarni a dasa bedi, wato darbejiya, gefen hanya, kuma mai noma wurin shi zai yi rainonsu. Bakwai suka faɗo kaina.

Na ce, "Malam, gonar aro ce."

Ya ce, "Ni ban ga aro ba, kai na gani da fartanya. Ɗaya ya mutu, kai da alƙali."

Na taɓa ganin mutumin da aka tasa gaba zuwa Dutsin-Ma da igiya a ƙugu kan icce ɗaya. Na dasa.

Na je na durƙusa gaban dattijon na faɗa masa. Yana tufkar igiya, ko ɗagowa bai yi ba.

"Sun kama?"

"Sai yadda Allah ya yi, Baba."

"Hannunka da albarka. Za su kama."

Da zagina ya yi, da hankalina ya fi kwanciya.

Na kewaye kowanne da ƙayar magarya saboda awaki. Na zuba toka a gindinsu saboda gara. Da rani tulu biyu safe, biyu yamma, daga rijiya mai nisa, har wuyana ya sage. Kullum in na isa, sai na bi su ɗaya-ɗaya ina dubawa. In ganye ya yi yaushi, alƙali nake gani. In ya yi sabon toho, dattijon nake gani. A bakin rijiya mutane suka fara ce mani, "Sannu mai gona! Ina lambu?" Su wasa suke. Ni na san magana na da ƙafa.

Sau biyu na hango dattijon tsaye wurin, yana gwada tsawonsu da sandarsa.

Kaka ta biyu, bedin sun kai mani ƙirji, ina ɗaure dami ya zo.

"Baɗi jikana zai noma nan. Ba fushi ba ne, ɗana. Ni da kai mun san gaskiya, 'ya'yanmu ba su sani ba."

"To bedin fa, Baba?"

"Ai kai aka ba."

Na sami malamin daji na ce gona ta fita hannuna. Ya ce sai sun fi ƙarfin akuya zai sallame ni. Ranin nan haka na ci gaba da kai masu ruwa. Da damina ta faɗi na shiga ƙwadago a gonakin mutane.