Ƙafar Baba ta Dama

Mahaifina tela ne. Shagonsa yana jikin gidanmu a Ƙofar Sauri, ɗaki ɗaya mai ƙofa biyu, ɗaya ta titi ɗaya ta zaure. Kekensa na ƙafa ne, baƙi, irin na da, kuma bai taɓa taka shi da takalmi ba, wai takalmi yana hana mutum jin keke. Lokacin da soja suka shirya miƙa mulki ga farar hula, Baba ya riga ya daɗe da ciwon suga. Ni kuma ina aure a Ƙofar Durbi, ina koyarwa a wata firamare, ina leƙa su ranar Juma'a da duk ranar da muka tashi da wuri.

Baba ba ya wasa da magani. Ranar da aka ba shi ranar yake zuwa asibiti, ya bi layi, a auna jininsa, a rubuta masa ƙwayoyi, a ce ya rage shinkafa. Ya bar shayi mai suga, ya bar fura da rana, Inna tana tuƙa masa tuwon alkama dabam. Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne, duk tsawon shekarun nan ba a sami mutum ɗaya da ya ce ya cire takalmi a ga ƙafarsa ba. Ya sha gaya musu tafin ƙafarsa yana yi masa kamar an barbaɗa barkono. Daga baya ya ce zafin ya tafi, yanzu ji yake kamar a kan katifa yake tafiya, har yana murna. Aka ce tsufa ne, aka kira na gaba.

Da kakar zaɓe ta zo, aiki ya yi wa teloli yawa. Ƙanen Baba, wanda muke kira Baffa, ya fito takarar kansila. Shi ya dinga jibgo masa yadi da atamfa, tutoci da rigunan 'yan kamfe da ankon mata, ko wanne ana so jiya. Baba bai iya cewa a'a ga ɗan'uwansa ba. Daga ya idar da sallar asuba yana kan keke har magariba.

Inna ce ta fara gani. Wata la'asar ya sallame sallah ya tashi, sai ta ga tabon jini a kan buzunsa. Ta ce ya zauna, ta juya ƙafarsa ta dama. Guntun allurar keke ne ya shige a gindin babban yatsa, wurin ya kumbura ya yi fari a gefe. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake taka feda da shi.

"Malam, ba ka ji wannan ba?"

"Mi zan ji? Ai ba ya ciwo. Cire shi kawai, ankon matan nan bai ƙare ba."

Ta cire, ta wanke da ruwan ɗumi da gishiri, ta ɗaure da ƙyalle, ya koma kan keke. Babu wanda ya tsorata, domin a saninmu ciwon da ba ya zafi ba ciwo ba ne. Baffa ya ci zaɓe. Kafin a rantsar da su ƙafar ta kumbura har idon sawu, tana ruwa, ga zazzaɓi. Ranar Juma'ar da na je, tun daga zaure na ji warin.

Washegari ni da maigidana muka kai shi wani asibiti, ba wanda ya saba zuwa ba. Likitan da ya duba shi ya daɗe a kan ƙafar. Ya taɓa nan ya taɓa can yana tambaya, Baba yana cewa bai ji ba. Sannan ya zauna ya yi mana bayani da Hausa. Ya ce suga idan ya daɗe yana kashe jijiyoyin da suke kai wa mutum labarin ciwo, yana kuma rage jinin da yake isa ƙafa, shi ya sa ƙaramin rauni yake ci ta ciki mai shi bai sani ba. Ya ce za a kwantar da shi, a kankare mataccen naman, a riƙa wankewa kullum, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, a mayar da shi kan allurar insulin, kuma kada ƙafar ta taɓa ƙasa.

"Alhaji, babban yatsan nan da wuya ya tsira. Amma ƙafar, in ka ba mu haɗin kai, ina sa ran za ta tsira."

Baba ya ce shi ba Alhaji ba ne tukuna, amma ya yarda.

Aka fara. Zazzaɓin ya sauka, kumburin ya ja baya. Wata nas da take wanke ciwon ta kira ni wata safiya ta nuna mini yadda gefen ramin ya fara ja, ta ce jan nan shi ake nema, nama ne mai rai. Baba har ya fara tsokanar maƙwabcinsa na gado. Aka ce sati mai zuwa za a cire yatsan.

Sai Baffa ya zo dubiya, da sabuwar babbar riga da mutane a bayansa. Yana jin maganar yatsa fuskarsa ta canza. Ya ce a gidanmu ba a taɓa yanka mutum da ransa ba, kuma ba za a fara a kan yayansa ba, yanzu da Allah ya ba shi abin da zai tsaya masa. Kwana biyu bayan haka ya dawo da wani mai magani, irin masu yawo da mota da lasifika a bakin kasuwa. Mutumin ya leƙa ƙafar daga nesa, ko bandejin bai kwance ba, ya ce ciwon daji ne, daji kuwa ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, duk wanda aka yanka sai ya ƙara gaba. Ya ƙara da cewa wannan ba banza ba, 'yan adawa ne suka binne wa Baffa abu, yayansa ya taka. Wannan maganar ita ta gama da mu. Ta yi wa Baffa daɗi, domin ta mayar da ciwon mahaifina labarin girmansa shi.

Ina makaranta Baffa da mutanensa suka fitar da Baba. Likita ya hana, suka ce ɗan'uwansu ne. Da na isa asibitin na tarar da gado babu kowa, na wuce Ƙofar Sauri ko gida ban biya ba. Na same su a zaure, Baba a kwance kan katifa, Baffa a kan kujera. Na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya mini, sannan na ce:

"Baffa, ciwon nan ya fara warkewa. Da idona na gani. Don Allah a mayar da shi."

"Warkewa da wuƙa? Ke ɗiyar nan, bokon naki ne ya ce a riƙa gutsure ubanki?"

"Yatsa ɗaya ne, Baffa. In aka bari..."

"Da ni da yayana muna magana, ke mi naki? Tashi ki shiga ciki wurin uwarki."

Na dubi Baba. Bai dube ni ba. A hankali ya ce, "Ki yi haƙuri. Ɗan'uwana ne, ba zai cuce ni ba. Kuma ni ma ina so in koma ga Ubangijina yadda ya halicce ni."

Tsoron Baba na gane shi, ban taɓa riƙe shi da shi ba. Mutum ne da ƙafa take ciyar da shi, aka ce za a taɓa ta, sai ga wani ya zo da alkawarin ba sai an taɓa ba. Wanda ya sayar masa da alkawarin, da wanda ya kawo shi, su ne ban yafe wa ba.

Mai maganin ya cusa wani baƙin gari da ya kwaɓa da man shanu a cikin ramin, ya rufe da ganye, ya naɗe da tsumma. Ya ce kada a buɗe sai ya dawo, kada a yi allura ko ɗaya. Ya bar jarkar wani ruwa mai ɗaci, wai shi zai wanke sugan gaba ɗaya, har ya ce Baba ya ci abin da yake so. In ya zo sai ya ɗaga gefen tsumman ya nuna wa mutane yadda saman ya bushe ya yi ɓawo, a yi ta hamdala. Baffa yana ba da labari a majalisarsu cewa ya ƙwato yayansa daga hannun mahauta.

Ni kullum in na tashi daga makaranta can nake zuwa, ina ganin abin da ba a nuna wa baƙi. Baba yana shan ruwa kamar ba zai ƙoshi ba, yana ramewa. Yatsun da suka leƙo daga tsumman sun yi sanyi, sun fara baƙi. Inna tana ta turare a ɗakin, warin yana fin ƙarfin turaren. Na je gidan Baffa har sau nawa, a ce yana sakatariya, ko yana da baƙi. Maigidana ya same shi, Baffa ya ce masa suruki ba ya shiga maganar gida.

Wata azahar na tarar Baba yana kiran Inna da sunan mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa, jikinsa kamar wuta. Na ce Inna ta riƙe mini ƙafar, na kwance tsumman. Ɓawon ya biyo ganyen. Abin da yake ƙarƙashi ba zan kwatanta shi duka ba. Baƙin ya wuce idon sawu, kuma ana ganin ƙashi. Inna, wadda tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa musa wa dangin mijinta ba, ta ɗauki mayafinta ta ce, "Kira mijinki ya zo da mota. Duk wanda ya tare mu, ni zan ba shi amsa."

Likitan nan dai muka samu. Bai yi mana faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Aka yi ta ƙarin ruwa da allurai har Baba ya dawo hayyacinsa, sannan likitan ya gaya masa gaskiya: maganar yatsa ta wuce, yanzu sai dai ƙasa da gwiwa, in kuma aka jinkirta, rai ake magana. Baba ya kalli silin. Ya ce, "A yi."

Baffa bai zo ba sai bayan an fito da shi daga tiyata. Ya zo da kwalin lemon kwalba, ga mai ciwon suga, aka ajiye a gindin gado. Ya ce haka Allah ya ƙaddara, bawa ba ya wuce rabonsa. Ya ce mai maganin ya aiko cewa mu muka ɓata aikin da muka buɗe kafin lokaci. A ranar ban durƙusa ba. Na ce, "Baffa, ƙaddara gaskiya ce. Amma ba ƙaddara ce ta zo da mota ta ɗauke shi daga gadon nan ba." Mutanensa suka sunkuyar da kai. Ya ce ba ni da kunya, ya fita. Dangi suka yi ta aike cewa in je in ba shi haƙuri. Baba da bakinsa ya roƙe ni, na je, na faɗi kalmar, na taso.

Kafin a sallame mu ma'aikatan asibitin suka koya mana yadda za a tsare ƙafar hagun. A wanke ta kullum da ruwan da aka gwada da hannu, a goge tsakanin yatsu ya bushe, a duba tafin da ido. A shafa mai kada ta tsage, amma ban da tsakanin yatsu. Kada mai yankan farce na titi ya sa mata aska, kada ya taka ƙasa babu takalmi ko a cikin ɗaki ne, kuma a zazzage takalmin kafin ya sa. Ko ƙwarzane aka gani, a zo a ranar. Duk maganar ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba. Ina tsaye ina ji, na san ita ce maganar da ta kamata ya ji shekaru da suka wuce.

Baba ya koyi tafiya da sanduna, ya koma zuwa masallacin unguwa. Keke kam bai ƙara hawa ba. Ya koma ɗinkin hannu, aikin wuyan riga da hula, yana zaune a ƙofar shago da dungun a kan matashi, har idonsa ya fara gajiya. Inna ce take duba masa ƙafar hagu kowace safiya, kuma da ƙafar aka binne shi bayan shekaru, lafiyarta ƙalau. Ya yafe wa ƙanensa tun da wuri, suna zama suna hira kamar ba a yi komai ba.

Ranar ta'aziyyarsa ina cikin gida, wata gwaggonmu ta shigo tana share hawaye, tana yabon Baffa. Wai yana can waje yana gaya wa masu gaisuwa irin ɗawainiyar da ya sha a ciwon ƙafar marigayi, babu inda bai kai shi ba. Mata suka yi ta sa masa albarka. Na dubi Inna, ta girgiza mini kai kaɗan. Na tashi na koma bayan ɗaki na hau wanke kwanoni.

Baffa yana nan da ransa, ya tsufa, siyasar ma ta daɗe da barinsa. Duk sallah ina zuwa da 'ya'yana mu gaishe shi, domin haka Baba ya bar mini wasiyya. Ina tambayarsa lafiyar jiki da ta iyali, ya amsa, ya sa wa yaran albarka. Daga nan ba ni da sauran magana da shi, sai in ce musu su sa takalmansu mu tafi.