Malam Shitu Mai Walda da Ƙofofin Gilashi

Idan hantsi ya ɗaga, Malam Shitu mai walda zai turo tsohon babur ɗinsa daga zaure, ya ɗaure akwatin kayan aiki a baya da igiyar roba. Ba rumfarsa ta bakin tashar Tudun Wada yake fara zuwa ba. Sai ya biya ta banki, ya gaisa da mai gadi, ya shiga, ya juyo ya danna hannun ƙofar gilashi daga ciki. In ta buɗe ya yi hamdala ya wuce. Wata rana ya yi Bebeji, wata rana Kiru, wani lokaci har Doguwa, duk don duba ƙofofi. Babu wanda ya ɗauke shi wannan aiki. A ƙarshen watan nan zai ajiye, domin hasken walda ya cinye masa idanu, likita ya hana shi hawa babur. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi abin da ya yi tun yana iya jin sa da kunnensa.

Abin ya samo asali ne a 1991. Fashi ya yi yawa a hanyar Jos, sai wani ƙaramin banki da ke kallon rumfar Shitu ya sa ƙofar gilashi mai kauri wadda ke kullewa da lantarki. Ba ta buɗewa sai an danna wani maɓalli a bayan kantar ma'aikata. Mutane har zuwa kallo suka riƙa yi.

Wata ranar kasuwa, dab da azahar, aka ɗauke wuta. Aka tayar da janareto a ɗakin baya, ba a jima ba ya kama da wuta. Ƙofar baya a cikin ɗakin take, ga ta kuma da kwaɗo. Aka danna maɓalli, ƙofar gaba ta ƙi motsi, domin irin makullin nan ne da in babu lantarki yake zama a kulle. Mai gadi ya tafi masallaci da mabuɗin kwaɗon a aljihu, kamar yadda ya saba.

Kande, wadda ke share bankin, tana ciki a ranar. Ta ce mini: "Muna ganin mutanen titi, suna ganinmu. Hayaƙi ya sauko har kafaɗa. Sai ga Shitu ya tsallako titi da guduma, ko takalmi babu. Ya buga, gilashin ya tsage amma bai zube ba. Ya koma gefe yana ta bugu, da ya sami 'yar kafa sai ya jefar da gudumar ya sa hannu yana ɓamɓara."

An fitar da mutane ta wannan kafa, amma ba duka da rai ba. Hasana mai buga tafireta ta rasu a hanyar asibiti. Dikko, wani dattijo makiyayi daga Burumburum, a bakin ƙofar ya cika. Shi ne ya dafa gilashin da tafin hannu yana duban Shitu, bakinsa yana motsi. Da na tambayi Malam Shitu, ya ce, "Magana yake yi mini. Gilashin ya hana ni ji. Har yau ban san me ya ce ba."

Gilashin ya yanke masa jijiya, yatsunsa biyu na dama ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Yana kwance a asibiti manajan bankin, Malam Jibrin, ya zo duba shi, ya zauna a bakin gado ya sunkuyar da kai.

"Malam Shitu, ni na sa hannu aka kawo ƙofar nan," in ji shi. "Ban iya barci."

"Ranka ya daɗe, ni ma haka. In na warke mu je mu tambayi waɗanda suka sani."

Tare suka tafi Kano wurin wani injiniya. Shi ya nuna musu cewa akwai makullin da yake sakin ƙofa da kansa in wuta ta ɗauke, kuma ana iya sa hannu daga ciki wanda ba ruwansa da lantarki. Shitu ya zauna wurinsa har ya iya. Ya dawo ya ƙara da abin da ya gani da idonsa: a rataye ƙaramar guduma mai tsini kusa da gilashi, a koya wa ma'aikata su bugi kusurwa ba tsakiya ba, ƙofa ta riƙa buɗewa zuwa waje, kuma kada a sa wa ƙofar baya kwaɗo muddin da mutum a ciki.

Malam Shitu, kai ne ka bi bankuna da asibitocin kuɗi da manyan shagunan magani na wannan yanki ɗaya bayan ɗaya, kana roƙon masu su kamar kai za a yi wa alfarma. An bar ka a tsaye a rana, an ce maka mai gida ba ya nan alhali kana jin muryarsa. An sace gudumomin da ka rataye, ka ƙera wasu ka ɗaure su da sarƙa. Shitu mai walda, mai buɗe wa na ciki.

Ba a rabu da shi lafiya ba. A 1995 wasu ɓarayi suka shiga wani shagon magani a Kiru kamar masu saye. Mai shagon ya yi dabara ya kulle ƙofa da maɓalli don a kama su, sai suka danna hannun da Shitu ya sa suka fice. Gari ya ɗauka cewa da bakinsa a ciki. Aka tsare shi kwanaki kafin a gane ba shi da laifi, kuma ko da aka sake shi zancen bai mutu ba. Masu kawo masa aiki suka janye. Wurare da dama suka cire hannun, wasu har yau ba su mayar ba. Matarsa Barakatu ta ce masa, "Malam, ka bar musu ƙofofinsu mana. Dubi yadda muka koma." Ya ce, "Na ji, Barakatu. Amma kayan da aka sace an sayo wasu. Hasana fa?" Da ya huta kwana biyu ya sake ɗaure akwatinsa.

Bara waya ta kama da wuta a wani asibitin haihuwa a Bebeji wanda Shitu ya gyara wa ƙofa, lantarki ya yanke. Balaraba, nas ɗin da ke bakin aiki, ta ce ko taɓa ƙofar ba ta yi da ƙarfi ba ta buɗe, suka fito da masu jego da jariransu suka zauna a gindin dalbejiya. Babu wanda ya ƙwarzane, don haka babu wanda ya ɗauki abin labari. Shi kansa Malam Shitu sai bayan wata guda ya ji, a bakin wani direban bas ɗin Yako.

Yanzu ga shi zai zauna, kuma babu wanda ya gaje shi. Na san wurare a Kiru da Doguwa da in aka ɗauke wuta yau, na ciki sai dai su dubi na waje.

Malam Shitu, mun gode. Ka ba da yatsunka da idanunka, ka jure zargi a garin da aka haife ka, saboda mutanen da yawancinsu ba su san sunanka ba. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan Hasana da Dikko, ya sanyaya maka zuciya.

Mu kuma da muka rage, ba sai mun iya walda ba. In ka shiga wurin da ƙofarsa ke kullewa da lantarki, ka tambayi mai wurin ta ina za a fita in wuta ta ɗauke. In ya ce ba komai, ka ce ya kashe wutar ya nuna maka.