Ruwan Kanwar Kawu

Jiya na ga kanwa a kasuwar Tsanyawa, haushin Kawu ya dawo mini sabo. Ya daɗe ƙirjinsa yana matse shi in yana huɗa a gona, in ya zauna ciwon ya lafa. Ranar da ciwon ya same shi zaune a tabarma, gumi yana karyo masa, na ce mu tafi asibiti.

"Kai, rabu da ni, ƙwannafi ne! Jiƙo mini kanwa."

Don gudun faɗansa na jiƙo. Sai bayan ya cika likita ya ce kitse ne ya taru a jijiyar zuciyarsa, ya tsage, jini ya daskare a wurin.

Allah ya gafarta wa Kawu taurin kansa, ni kuma ya yafe mini biyayyar ranar nan.