Injin Baba Yana Niƙa a Basirka

Ana idar da sallar asuba muka bar Birnin Kudu a motar haya mai zuwa Gwaram, ni da bakaniken da ke yi mini aikin motar Baba. Abin da ya fitar da mu bai kai babban yatsa tsawo ba: ɗan ƙarfen tagulla ne da ake ɗaurawa a jikin inji, bakinsa na cikin ruwan da ke sanyaya injin, shi ke gaya wa agogon gaban direba ko mota ta yi zafi. Kanikawa sansa suke ce masa.

Motar ta girme ni. Da ita Baba ya yi shekaru yana zagaya ƙauyuka yana ba da karatu, tun da ya rasu kuma take zaune gindin darbejiyar ƙofar gida, kaji sun mai da ƙarƙashinta ɗaki. Bana na ƙudura sai na tayar da ita, don Inna ta sake ganin ta tana tafiya. Injinta na shan baƙin mai yana hayaƙi, sai muka sauke shi muka ɗora wani, tsohon kuwa na sayar ko waiwaye ban yi ba. Da aka tayar da sabon, allurar agogo ta haye ja tun ruwa bai ɗumama ba. Bakaniken ya ce sansar sabon injin ba ta dace da tsohon agogon ba, ya nemi wadda za ta dace a kasuwa har ya gaji, sai dai a samo ta asali da ke jikin tsohon injin. Ya kuma rantse ba zai sakar mini mota babu agogon zafi ba, kada in ƙona masa aiki a hanya in dawo ina salati.

Hanyar ta yi kyau da safiyar nan. Duwatsun garinmu suka koma bayanmu, gonaki an girbe dawa, riɗi na jingine yana bushewa. Direba ya cusa mu huɗu a baya, ga buhun barkono a but, muka yi ta atishawa bi da bi har Gwaram. A tasha muka karya da koko da ƙosai. Na yi wa mai ƙosan ƙorafin yadda ya ƙanƙance, ta ce in je kasuwa in yi faɗan da wake.

Dillalin da na sayar wa injin a nan Gwaram ya ce tuni wani mai niƙa a Basirka ya ɗauke shi. Muka hau acaɓa, bakaniken ya rungume jakar sifanu, duk ramin da muka faɗa sai su amsa.

Tun ban ga rumfar ba na ji shi. Injin Baba yana da wata 'yar gargada, can ya yi kamar mai gyaran murya sannan ya ci gaba, kuma babu bakaniken da ya taɓa raba shi da ita. Da wannan ƙarar muke sanin Baba ya shigo layi, mu watse daga wasa kowa ya ɗauki allonsa. Na sauka daga acaɓa na tsaya kurum. Kewar Baba ta taso mini yadda ba ta taso ba ko ranar jana'izarsa, don ranar baƙi ne suka cika mini ido.

Ga shi nan a kafe kan ƙarafa, bel na juya injin niƙa, gari ya rufe shi fari fat. An cire masa lagireto an haɗa shi da duron ruwa. Mai niƙan dattijo ne mai fara'a. Da ya ji abin da ya kawo mu daga Birnin Kudu ya yi dariya har da tari, ya ce mu ɗauka kyauta, shi hannu yake tsomawa a duro ya ji zafi. Sai dai mu jira ya sallami mutane injin ya huce. Muka zauna kan benci, ya aika aka damo mana fura mai nono da yawa. Bakaniken ya yi ta gyangyaɗi, ni kuwa ban so layin kwanukan masu niƙan nan ya ƙare ba.

Bayan azahar bakaniken ya sa sifana ya kwance sansar, ya toshe ramin da wani noti da ya zo da shi. Bakina ya kai ga cewa a sayar mini da injin in koma da abina. Na dubi kwanukan da aka fara jerawa na yamma, na haɗiye maganar, muka yi godiya muka kama hanya.

Washegari aka yi ɗaurin. Zaren sansar bai yi daidai da ramin sabon injin ba, sai da mai aikin ƙarfe ya sassaƙa mata mahaɗi. Bakaniken ya naɗe ta da farin tef na masu gyaran famfo don kada ruwa ya yoyo, aka tayar, allura ta kwanta ko motsi babu. Ya sosa ƙeya, can ya tuna waya ɗaya gare ta, sai ƙarfenta ya taɓa ƙarfen inji take aiki. Na ce ashe gwanaye ma suna gyangyaɗi a kan aiki. Ya warware tef ɗin ya sake ɗaurewa, allura ta taso a hankali ta tsaya tsakiya.

Na tuƙo ta gida da la'asar, na yi fakin na bar ta a kunne. Inna ta fito da mayafinta, ta shafa ƙofar direba, ta ce sabon fenti ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Ta ɗan karkata kai tana saurare.

"Amma ba muryarta ba ce," in ji ta.

Na kashe motar na ba ta labarin Basirka duka, har da gyaran muryar. Tafiyar nan ta nuna mini cewa na san gyaran abin da ido ke gani, amma abin da Inna ta yi shekaru tana kasa kunne tana jira, shi na fara sayarwa, kuma ban tambaye ta ba.

Inna ta tambaye ni ko Basirkan da nisa. Na ce da ɗan tafiya.

"To, ranar Asabar ka kai ni. Ina da masarar niƙa."

Akwai injin niƙa a bayan gidanmu, taku kaɗan ne. Na ce mata to, da sassafe za mu tashi.